Igiyar Awon Yakubu

Ran sunan jikar ƙawata a Upper Marlboro, a nan Amurka, ina zaune ina cin waina, wasu samari a bayana suna ta musu a kan ƙungiyar zari-ruga ta yankin nan: wa zai yi abin kirki a kakar wasa mai zuwa, wa ƙafarsa ta ƙare, wa za a sallama. Kowa da waya a hannu yana karanto abin da wani ya rubuta. Sai ɗaya ya ce, "Ku tambayi Gwaggo Asabe mana, ai ta yi wa 'yan wasan nan wanki." Ɗan'uwansa ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Wanki ai inji ke yi. Gwaggo danna abu kawai take yi ta koma ta zauna."

Na ci gaba da cin wainata. Da muka dawo gida na ce wa 'yata Bilkisu ta zauna ta rubuta, ni in faɗa, tunda ni ban yi boko ba. Na kuma gaya mata inda na ambace ta kada ta gyara.

Ni mutuniyar Tudun Wadan Zariya ce. A wajen ƙanwar mahaifina na koyi keke, na yi shekara ashirin da wani abu ina ɗinka wa matan unguwa kayan sallah da na biki. Bilkisu nas ce, da ta haifi tagwaye ta ɗauko ni na zo Beltsville reno. Yara suka shiga makaranta, ni kuma na zauna ina kallon bango. A lokacin ne na lura da maƙwabciyarmu, wata tsohuwa baƙar Ba'amurkiya, Mis Doroti. Duk ranar Lahadi wani jibgegen Bature yakan sauke mata buhuna uku a ƙofa, ran Alhamis ya zo ya kwashe. Wata Lahadi na gan ta tana jan buhu ɗaya, yatsunta duk sun kanannaɗe da sanyin ƙashi, sai na tsallaka na kama mata. Da ta kwance bakin buhun na ja da baya. Na rantse na ɗauka kayan mutanen da mota ta buge ne: laka, jini, ciyawa, hannun riga a yage har kafaɗa. Ta dube ni ta yi dariya, ta miƙo min buroshi.

Shekara biyu na yi a ƙarƙashinta. Turancina a lokacin bai wuce gaisuwa ba, ita kuma ba ta jin ko "zo" da Hausa, saboda haka da hannu ta koyar da ni. In na yi daidai ta buga min kafaɗa, in na yi kuskure ta ƙwace rigar ta jefa min a cinya. Abu na farko da ta nuna min, kayan nan ba a zuba su a inji yadda suka zo. Laka sai ta bushe a kakkaɓe ta a waje, in ba haka ba ta toshe bututun gida, kuma bututu a ƙasar nan ba abin wasa ba ne. Jini da ruwan sanyi ake fara masa, da gishiri. Ka sa masa ruwan zafi ya zauna ke nan har rigar ta mutu. Koren ciyawa sai an murza shi da sabulu da hannu tukuna. Jar lakar wajen Springfield kuwa, wannan sai an jiƙa ta yini guda, kuma ko an jiƙa sai ta bar maka shaida. Inji na ƙarshe ne, ɗan kurkura kawai yake yi. Shi saurayin nan na gidan suna, ya zo ya danna abin ya gani.

Wankin rabin aikin ne. Sauran rabin ɗinki, kuma nan ne na fi uwar ɗakina, ita ma ta sani. Rigunan wancan zamani na auduga ne masu kauri, da farar kwala da botin roba don kada ya yanki fuskar wani. Lambar baya kuma ƙyalle ce, ɗinka ta ake yi. A wasan nan lamba ba ta mutum ba ce, ta wuri ce. Ɗaya zuwa uku na gajeru ne masu wuya kamar turmi, su ke gaba in an haɗa kai ana turereniya. Huɗu da biyar dogaye, su ake ɗagawa sama su cafe ƙwallo. Shida da bakwai mafarauta, aikinsu su rungumo ƙugun mutum su kayar. Tara ɗan ƙarami ne mai surutu, a kowace ƙungiya haka yake, ban san dalili ba. Riga tana nan, mutum ne ke shiga ya fita. Saboda haka duk sabon da ya shiga sai an gyara ta ta zauna masa.

Aikin farko da Mis Doroti ta bar min ni kaɗai, rigar lamba takwas ce, ta wani ƙato ɗan tsibirin Samowa. Na auna shi na ga rigar za ta kama shi tsam kamar fatar ganga. Na ce a raina, babban mutum kamar wannan, mai mata da 'ya'ya, a sa shi a matsattsiyar riga gaban jama'a? A wajenmu yalwar riga ai mutunci ce. Na farke gefe da gefe, na ƙara ƙyalle, na buɗa masa hammata yadda zai sha iska. Na goge ta, na ninke, ina jin daɗin kaina. Ran Lahadi rigar ta dawo a yage daga wuya har ƙugu. Bature mai kawo buhu, wanda ashe shi ne kocinsu, ya tsaya a ƙofa yana nuna min da jikinsa: ya ruga, ya damƙi bayan rigarsa da kansa, ya ja, ya zube a kan ciyawar gidan. Sau uku ya yi. Ashe sau uku aka kamo mutumin ta yalwar da na ƙara masa, ɗaya ma saura taku biyu ya ajiye ƙwallo a kan layi. Mis Doroti ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Daga ranar na gane a wasan nan duk yatsa ɗaya na ƙyalle da ka bar wa mutum, hannun abokin gaba ka bar wa.

Kocin nan kunnuwansa sun cure sun yi ja saboda shekarun turereniya, sai na sa masa Jankunne, kuma har ya bar aiki da sunan yake amsa min. Da hannun Mis Doroti ya gaza gaba ɗaya, ta koma wajen ɗanta, buhunan suka dawo ƙofarmu. Na kafa kekena a besmen ɗin gidan Bilkisu, wato ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kusa da injin wanki. Bilkisu ba ta so ba. Ta ce, "Mama, me mutane za su ce? Uwar nas tana wa ƙartin arna wankau?" Na ce mata rabinsu ma sun fi ki zuwa wurin ibada, kuma daga yau kada ki sauko min nan, aikina ne. Ta riƙe, ni ma na riƙe. Shekara goma sha huɗu ba ta taka matakalar nan don maganar aikina ba.

Tef ɗin awo ban taɓa amfani da shi ba. Lamba ina gane ta, amma rubuta suna kusa da ita fa? Igiya nake yanka wa kowane ɗan wasa. In ɗaura a wuya in yi ƙulli, a ƙirji in yi ƙulli, a damtse, a tsawo. A bakin igiyar in ɗinka ɗan ƙyalle, kowa da kalarsa, in rataye a ƙusa jikin bango. Jankunne ya haddace ƙyallayen nan kamar ni. Bai taɓa tambayata ko na iya karatu ba, bai kuma taɓa miƙo min takarda ba. In kakar wasa ta gabato, sai ya sauko besmen, in shimfiɗa masa riguna bisa layi, shi kuma ya riƙa ciro igiya daga ƙusa yana ɗorawa a kan riga. Wanda aka ɗora igiyarsa ya samu wuri. Wanda tasa ta rage a ƙusa, sai wata shekara. Ke nan nakan san ƙungiya mako biyu kafin 'yan wasan su sani. An kawo min turare, an kawo min kaza, wani ma ya yanke min ciyawar gida ba a sa shi ba, duk don in ɗan yi musu ishara. Ban taɓa ba. Shi ya sa Jankunne ya yarda da ni.

Kuma ko bai zo ba nakan san inda aka dosa. Ku masu karanta hasashe a waya, ni a buhun atisaye nake karanta nawa. Rigar da kafaɗarta ta cinye, mai ita yana kayar da mutane. Wandon da gwiwa da gefen cinya suka sha laka, mai shi yana faɗawa kan ƙwallo. Rigar da ta dawo fes sai warin turare, mai ita tsayawa yake yana nuna wa wasu inda za su je. In buhun farkon atisaye ya zo da nauyi har sai na ja shi a ƙasa, na san bana za a ci wasa. In na ɗauke shi da hannu ɗaya, sai in ce Allah ya kyauta. Rigar da ta fara yagewa ta baya kuwa, daga wajen wuya, wannan ita ce mai ban tausayi: mai ita ya fara rage gudu, ana cim masa.

A wancan zamani ba a biyan kowa ko sisi. Akwai lauya a cikinsu, akwai mai haɗa famfo, akwai soja, akwai direban motar makaranta. Su tashi daga aiki su je su farfasa jikinsu a banza, ran Asabar su kawo matansu da karnukansu bakin fili. Sau da yawa Jankunne yakan zo ya ɗauke ni, a kafa min kujera kusa da masu gasa nama, kowa ya wuce ya ce "Mama Asabe" ya ɗan rusuna, don wani ɗan ƙasarmu ya koya musu haka ake gaida babba.

Wannan ɗan ƙasar tamu shi ne Yakubu, mutumin Fankshin a Filato. Karatu ya zo yi yana saurayi siriri, ya koyi ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Ran da na fara auna shi ban san ko wane ne ba, ina ɗaura igiya ina mita da Hausa, na ce wannan ko yana cin abinci kuwa. Sai na ji an ce, "Ina ci, Mama, ba ya zama ne." Igiyar ta faɗi daga hannuna. Ƙyallen da na ɗinka masa guntun atamfata ne, kore. Lamba bakwai yake sawa. Shekara goma sha ɗaya ina matse masa ita, sau huɗu na sake masa igiya saboda ƙirji na buɗewa, kuma babu kakar da ban yi wa kafaɗarsa ta dama faci ba. In ya kawo riga yakan ce, "Bazazzagiya, a yi min a hankali, kada a mayar min da ita babbar riga kamar ta ɗan Samowa." In ce, "Ɗan dutse, in ka ƙara magana in ɗinka maka aljihu."

Tun yana saurayi maganarsa ɗaya ce: wata rana za a fara biyan 'yan zari-ruga a ƙasar nan kamar yadda ake yi a Turai. Ba kuɗin ne ya dame shi ba, aikinsa na asibiti ya fi. So yake ya bugi ƙirji ya ce ya taɓa zama ɗan wasa na gaske, ko da kaka ɗaya ce, a kira sunansa a lasifika, mahaifinsa a Fankshin ya gani a waya ya daina cewa ɗansa ya je Amurka yana kokawa da Turawa a kan ƙwallo mai kama da gwanda. Kowace shekara a ce ga shi nan zuwa, kowace shekara shiru. Ya yi aure, matarsa Rifkatu ta haihu biyu. Gashi ya fara janyewa daga goshinsa.

Sai ga zamanin biyan ya zo. Masu kuɗi suka haɗa kai za su kafa ƙungiya a yankin nan, da kwantiragi da albashi. Aka ɗauko babban koci daga ƙasar waje, aka ɗauki Jankunne mataimaki, aka tara 'yan wasa daga ko'ina ana gwada su cikin sanyi. Yakubu yana da talatin da biyu. Rigunan ma sun canza, yanzu na roba ne masu santsi, ba kwala ba boti, lamba da zafi ake manna ta. Sai da na canza allura na koyi ɗinkin da ke miƙewa tare da ƙyalle. Amma duk gwanintar kamfani ba ya sanin wuyan mutum, saboda haka Jankunne ya ce Mama Asabe ce za ta matse su. Watanni biyu buhunan gwaji suna zuwa min. Na ga abin da ban so gani ba: rigar Yakubu ta dawo a yage ta baya, daga wajen wuya. Mako na biye ma haka. Na ɗinke ban ce masa komai ba.

Ran wata Alhamis da hantsi Jankunne ya zo da kwali, riguna ashirin da uku sababbi fil, tare da wata yarinya manajar ƙungiyar, mai saurin magana kamar ana korarta. Na shimfiɗa rigunan. Jankunne ya yi ta ciro igiya yana ɗorawa. Da ya zo lamba bakwai ya ɗora ta wani yaro ɗan ashirin da biyu. Na ce a raina to, akwai na benci. Ya gama na benci. Koren ƙyallen nan yana ƙusa, shi da wasu da dama. Wayar Jankunne ta yi ƙara, ya haura sama yana magana. Yarinyar ta zaro takarda daga jaka ta miƙo min, ta zubo Turanci, na tsinci "kwali" na tsinci "nan gaba", sauran ya wuce ni. Ta ce na gane? Na ce yes, yes. Shekara goma sha huɗu ina aikin nan ba wanda ya san ba na karatu sai wanda ya rufa min asiri, ba zan fara bayani ga yarinyar da na haifi kamarta ba. Na ɗauka ma takardar yadda ake wanke sabon ƙyalle ce, kamar ni za a koya wa. Na ninke ta na danne da gwangwanin man keke. Bilkisu tana sama a ranar, hutunta ne, ina jin takunta a kicin. Matakala goma sha biyu ce tsakaninmu. Ban hau ba.

Ran Asabar da la'asar Yakubu ya zo da ledar acca da manja. Tun daga yadda ya gaishe ni na san ba riga ya kawo ba. Na riga na lulluɓe sababbin rigunan da zane. Ya zauna a kan buhu ya ce, "Mama, an ba ni aiki a Texas. Shugaban sashe. Da gida mai fili, kusa da yayar Rifkatu."

Na ce, "Masha Allah. To me ya kawo fuskar makoki?"

"Jibi Litinin suke son amsa. Su kuma masu ƙungiya sai bayan mako biyu za su faɗi sunaye." Ya murza gwiwarsa. "Na tambayi Jankunne, ya ce bakinsa a ɗaure yake, shi ma sabo ne a wurin. Rifkatu ta ce ba za ta hana ni ba, amma cikin nan na uku ne, kuma ta gaji da ganina ina hawa bene da baya saboda gwiwa. In na san ina ciki, wallahi Texas ta jira wani. In ba na ciki kuma na saki aikin nan..."

Na ce, "Ka san ba na faɗa."

"Na sani."

"Kaza ma an kawo min ban faɗa ba, balle acca."

Ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Ban ce ki faɗa ba, Mama. Shawara na zo nema wajen uwa. Tawa tana nesa."

Na ci gaba da taka keke, ba abin da nake ɗinkawa sai tsumma. Na duba ta kowace fuska. Ga mace da ciki, ga yara biyu, ga gwiwa, ga riga mai yagewa ta baya, ga igiya a ƙusa da idona na gani. In na yi shiru ya saki aiki a kan abin da na san babu, da wane ido zan dubi Rifkatu? Na tsayar da keken na ce, "Yakubu, karɓi aikinka."

Bai tambaye ni dalili ba. Ya juya ya dubi bangon da igiyoyi ke rataye, ya daɗe yana duba. Sannan ya miƙe ya ce, "Na gode, Mama. Accar a wanke ta sosai, akwai yashi." Ya haura.

Ran Litinin ya amsa musu. Ya aika wa ƙungiya gajeren saƙo cewa iyali za su ƙaura, ya gode. Kafin wata ya ƙare sun loda kaya. Rifkatu ta zo sallama ta rungume ni tana ta sa min albarka.

Bayan tafiyarsu da kwana biyar, yarinyar nan manaja ta dawo da kwali na biyu. Ta ce ina mutanen da ke cikin takarda, na ware igiyoyinsu? Na ce wace takarda? Ta nuna gwangwanin man keke, ga bakinta nan yana leƙowa, mai ya ɗan ɓata ta. Jankunne yana bayanta, na ga ya dubi takardar ya dube ni, kunnuwan suka ƙara ja. Ya sallami yarinyar ta jira a mota. Ya yi min bayani a hankali, da Turancin da ya san ina ji. Wannan ba irin ƙungiyar da ba ce. Masu biyan albashi mutane da yawa suke ɗauka, don kaka doguwa ce kuma ana karyewa. Ashirin da ukun farko na wasan buɗewa ne kawai. Sauran waɗanda aka ɗauka rigunansu ba su iso ba, shi ne aka rubuta sunayensu.

Na ce, "Yakubu?"

Ya ɗaga kai. Ya ce babban koci da kansa ya sa shi, wai yana son tsoho ɗaya da yara za su riƙa kallo. Da saƙonsa ya zo sai suka ɗauka ya zaɓi iyalinsa ne, shi kuma bai so ya kira shi ya dagula masa rai ba. An riga an ba wani wurin, ya sa hannu. Ya tambaye ni, "Ya zo nan?" Na ce ya zo. "Kin faɗa masa wani abu?" Na ce na faɗa. Ya tsaya yana shafa keya. Bai yi min faɗa ba, bai kuma ƙwace aikin ba. Ni ce na gama kwali na biyu, na goge, na ninke, na ce masa daga bana a nemi wani. Wanda ya faɗi abin da ya gani a ƙusa bai kamata a sake shimfiɗa riga a gabansa ba. Yanzu wani kamfani ke yi musu, da na'urar da ke auna mutum da haske. An ce tana da kyau.

Ranar da suka tafi da kwalin na ɗauki takardar na hau matakalar nan. Bilkisu tana yanka albasa. Na ajiye mata a gabanta na ce, "Karanta min." Ta dubi takardar, ta dube ni, ta wanke hannu ta ɗauka. Sunaye tara ne. Na uku ne nasa.

Ta ce, "Mama, ki bar shi. Ya riga ya tafi, ya fara aiki. Me faɗar za ta ƙara masa?"

Na kwana biyu ina juya maganarta, don ba wauta ta faɗa ba. A rana ta uku na ce ta buga min lambarsa. Ya ɗauka da fara'a: "Bazazzagiya! Kin yi kewata ke nan?" Na ce ya nemi wuri ya zauna. Na faɗa masa duka, tun daga yes, yes har gwangwanin mai, ban rage komai ba, ban kuma ɗora wa yarinyar nan laifi ba. Na ce, "Ni na cuce ka, Yakubu, da bakina da girman kaina. Ka yi min duk abin da ka ga dama."

Ina jin ƙarar asibiti a bayansa, ana kiran wani likita a lasifika.

Can ya ce, "Babban kocin ne ya sa ni? Ba Jankunne ba?"

"Shi da kansa."

"Da gwiwar tawa a haka?"

"Da ita."

Ya ja hanci. Ya ce, "Takardar tana nan?"

"Ga ta a hannun Bilkisu."

"Su wa da wa ke ciki?"

Bilkisu ta matso da bakinta ta karanto masa, da sauri, irin karatun nas. Da ta gama ya ce, "Anti Bilki, ba haka ba. Kin taɓa jin yadda ake kiran 'yan wasa in za su shiga fili? Ɗaya-ɗaya, a ja sunan, a tsaya." Ya ƙara da cewa, "Don Allah sake. Minti biyu gare ni, akwai mai karaya yana jirana."

Bilkisu ta miƙe tsaye a tsakiyar kicin, ta riƙe takardar da hannu biyu, ta gyara murya. Ta fara daga sama.